Shafa wa mota folish a tsakar rana: abin da ke lalacewa da yadda ake gyara shi

Wani mai karatu daga Birnin Kebbi ya rubuto: "Ina da Camry baƙa. Ranar Asabar bayan Azahar na kai ta wanki, yaran suka shafa mata folish a fili, rana na dukanta. Da suka gama sai ga fari-fari da layi-layi a bonet da rufi, an goga an goga sun ƙi fita. Shin fentin ya ƙone ke nan? Kuma da gaske ne ba a shafa folish a rana, ko dai faɗa ce kawai?"

Malam, da farko dai ka kwantar da hankalinka. Galibi abin da kake gani ba ƙunar fenti ba ce, man ne ya bushe ya kafe a saman fentin, kuma yana fita. Abin da ya fi tayar mini da hankali a bayaninka shi ne "an goga an goga". Zafin rana shi kaɗai ba ya sa man nan ya cinye fenti. Ɓarnar tana zuwa ne daga ƙarfin da ake sawa wajen kankare shi bayan ya kafe, da tsumman da ake kankarewar da shi.

A bakin masu wankin mota komai folish ne, amma abu biyu ne mabambanta. Folish na ainihi yana da wani gari mai laushi a cikinsa wanda ke cin saman fenti kaɗan-kaɗan, kamar yadda toka ke fitar da hasken kwano. Ɗayan kuwa kaki ne, dangin kakin zuma, ba ya cin komai, rufi kawai yake yi wa fenti don ruwa da datti su riƙa zamewa. Yawancin gwangwanayen da ke kasuwa sun haɗa biyun, kaki da ɗan garin gogewa. Wanda aka fi yin tutiya da shi, kakin kanauba, daga ganyen wata bishiya dangin giginya ake samunsa a arewa maso gabashin Barazil. Shi kaɗai tauri gare shi ƙwarai, ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 80 a ma'aunin Salshiyos, don haka ba ya shafuwa sai an cuɗa shi da wasu kakin masu laushi, da mai, da wani ruwa dangin kananzir. Warin da kake ji in ka buɗe gwangwanin na wannan ruwan ne. Aikinsa ya riƙe kakin da laushi har ka gama baza shi, sannan ya tashi a hankali ya bar kakin kwance bai ɗaya. Man takalmi ma haka yake, shi ya sa in aka bar murfinsa a buɗe yake tsagewa.

To, masu haɗa man nan sun auna shi ne da jikin mota mai sanyi, a inuwa, kuma kusan kowane gwangwani ya rubuta hakan a bayansa. A Birnin Kebbi ko Argungu, daga Maris zuwa Mayu, iskar kanta takan wuce digiri 40 da rana. Ƙarfen baƙar mota da ta yi awa guda a fili kuwa yana iya haura digiri 70. Farar mota takan yi ƙasa da haka da kamar digiri 20, ita ma ba sanyi ba ne. Ka ɗora man a kan irin wannan ƙarfe, sai ya zama kamar ƙullun masa a tanda da ta yi zafi fiye da kima: kafin ka baza shi ya riga ya kama. Ruwan da ya kamata ya ɗauki minti 5 zuwa 10 yana tashi, cikin daƙiƙoƙi ya tafi. Inda soson ya fara sauka man ya yi kauri, inda ya ƙare babu komai. Fari-farin da kake gani busasshen man ne da ya kafe. Layi-layin mai maiƙo kuwa, wanda in ka goga sai ya koma gefe maimakon ya fita, kakin masu laushi ne da man da ke ciki suka narke. Kakin zuma ma ai digiri 62 zuwa 64 yake narkewa. Wato a bonet ɗaya wani wuri man ya kafe wani wuri ya narke. Shi ya sa baƙar mota ta fi kowace tona asirin wannan aiki.

Yanzu ga inda asarar take. Fentin mota na kamfani hawa-hawa ne: akwai na ƙasa mai kama ƙarfe, akwai launin, sannan akwai wani ruwan fenti garai-garai a sama, wanda shi ne ke ba da sheƙi, shi ne kuma ke kare launin daga rana. Kaurin wannan na sama bai wuce rabin kaurin takardar rubutu ba, kuma in ya yi zafi yakan ɗan yi laushi. Yaro ya ga man ya ƙi fita, sai ya danna da ƙarfi, da tsohuwar riga ko tawul ɗin da ya share wili da shi ɗazu. Ƙurar da ta sauka a kan man tun yana danshi tana nan a ciki, ita kuwa ƙurar garinmu yashi ne, yashi ya fi fenti tauri nesa ba kusa ba. Ya zama ke nan da takardar yashi yake gogar motar. Garin neman gira a rasa ido. Man zai fita, zanen da aka yi wajen fitar da shi ba zai fita da wanki ba.

Akwai kuma ruwan wankin. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishiri-gishiri a narke, irin farin nan da ke taruwa a gindin butar shayi. A jikin mota mai zafi ɗigon ruwa yana bushewa kafin a kai ga share shi, ya bar farin zobe. In aka shafa kaki a kai, an rufe zoben ke nan a ƙarƙashi, in kuma ya daɗe rana na gasa shi yakan ci saman fentin ya bar gurbi.

Ga yadda za ka yi da taka motar. Kada kowa ya ƙara gogarta a bushe. Ka shigar da ita inuwa ta huce sosai, awa guda ko fiye, in da hali ma ka bari sai da safe. Ka kwara mata ruwa ƙurar ta sauka, ka wanke da sabulun mota, ka tsane. Sannan ka ɗebo ɗan wannan man dai da aka shafa, ka ɗiga a soso mai laushi, ka shafa a kan wurin da ya kafe, faɗin tafin hannu biyu, ka goge nan take ba tare da ka jira ya bushe ba. Ruwan da ke cikin sabon man shi zai narkar da tsohon. Wannan dabarar ita ke fitar da mafi yawansa. Wanda ya yi taurin kai, ka sayi sifirit a kemis, ka haɗa kashi 1 da ruwa kashi 3, ka jiƙa tawul ka shafa a hankali, ka bi da busasshe. Ka fara gwadawa a ɓoyayyen wuri kamar cikin bakin ƙofa, musamman idan an taɓa sake wa motar fenti a gareji, don irin wannan fentin bai cika ƙwarin na kamfani ba. Farin zoben ruwa kuma ruwan khal ke narkar da shi, rabi da rabi da ruwa, minti ɗaya a kai, sai a ɗauraye. Fetur, tina da man birki kada su kusanci fentin. Man birki musamman, kwaɓe fenti yake yi.

Baƙar robar da ke gefen gilashi, da ta ƙasan bamba, da ta madubi, in man ya taɓa ta yakan shige ramukanta ya yi fari. Tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu yana fitar da shi, ko abin goge fensir na 'yan makaranta.

Bayan ka cire komai, sai ka fito da ita rana ka duba, ko ka haska tocila da dare. In ka ga siraran zane sun kewaye hasken kamar saƙar gizo, to gogar ta yi aikinta. Wannan sai folish na ainihi, da hannu ko da inji a wurin wanda ya iya, shi ma a inuwa, don injin da kansa yana ƙara zafi. Kaki zai ɓoye zanen na 'yan makonni ne kawai. Zanen da farce ke maƙalewa a cikinsa ya yi zurfin da folish ba zai kai ba. In kuwa ka ga saman rufin ko bonet ya yi fari kamar gajimare yana ɓarewa kamar fatar maciji, wannan ba aikin Asabar ɗin nan ba ne, ranar shekaru ce ta kashe fentin saman, kuma babu man da zai dawo da shi sai mai fenti.

Sai batun lokaci. Abin aunawa ba agogo ba ne, ba ma hasken rana ba ne, zafin ƙarfen ne. Ka ɗora bayan hannunka a bonet da rufi ka ƙirga goma. In ka iya barinsa ba tare da jin zafi ba, bismilla. In ka ɗauke, to ba yanzu ba. Mota tana iya kasancewa a inuwa amma bonet ɗinta na tafasa don yanzu ta iso daga Jega, haka kuma ranar ƙarfe bakwai na safiyar Janairu ba ta hana komai. A bazara dai lokaci ɗaya ne mai kyau: daga fitowa sallar Asuba, gari ya ɗan waye, zuwa wajen ƙarfe tara, da motar da ta kwana ba a tayar da ita ba. Ka ajiye ta yamma da gini ko katanga, inuwar za ta jira ka. La'asar sakaliya ma tana yi idan motar ta yi awa guda a gabas da gini, sai dai iskar na nan da zafinta, haske kuma yana gudu, sai washegari ka ga inda ka tsallake.

Gindin dogon yaro shi ne inda kowa ke tunanin zuwa, amma ba inuwar aiki ba ce. Rana na ratsowa ta tsakanin ganye ta gasa wuri-wuri, ga ganye da 'ya'ya suna faɗowa, ga kashin tsuntsu, wanda shi kansa yana cin fenti in ya kwana biyu a rana. Mangwaro kuma ga ƙaro. Rumfa ta fi, ko da ta tamfol ce. In ta kwano ce mai gajarta, ka taɓa rufin motar ka ji, don kwanon yana sauko da zafi.

Hunturu yana da sanyin da ake so amma yana da ƙura, wadda iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, ga kuma bushewar iska da ke sa man saurin kamawa ko a inuwa. A wannan lokacin ka yayyafa ruwa a ƙasa kewaye da motar, ka yi aikin da sassafe kafin iska ta taso, kuma kada ka shafe motar gaba ɗaya ka dawo gogewa. Kafin ka zagayo ƙura ta zauna. Da damina matsalar raɓa ce da danshi: ka tsane motar sarai, har cikin bakin ƙofofi da bayan madubi inda ruwa ke ɓuya ya gangaro kan aikinka, ka kuma ƙara wa man lokacin bushewa.

Aikin kansa ba shi da wuya, rabinsa wanki ne. Bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye soso, a fara daga sama a sauko, wili da tayoyi da nasu soson daban. Omo da sabulun wanke-wanke suna cire maiƙo, kaki kuwa danginsa ne, don haka wanki biyu ko uku da omo ya isa ya kwashe abin da ka shafa. Ka nemi sabulun mota. Bayan ta bushe, ka sa hannu cikin farar leda ka shafa bonet. In ka ji gurzu-gurzu, akwai abin da ya manne wanda wanki bai cire ba. Akwai wani abu kamar danƙo da ake sayarwa don wannan, ana murza shi a kan fenti da ruwan sabulu yana tsince su. Ɗigon kwalta a ƙasan ƙofofi, ɗan kananzir a tsumma yana narkar da shi, amma a wanke wurin da sabulu nan take.

Yawan man kuwa, nan ne kusan kowa ke kuskure. In na ruwa ne, ɗigo 3 ko 4 kamar ƙwayar wake a soso sun ishi wuri mai faɗin santimita 60 da tsawon 60, wato kamar kashi ɗaya cikin huɗu na bonet. Cokalin cin abinci 2 zuwa 3 sun ishi Camry gaba ɗayanta. In na gwangwani ne, juyi ɗaya mara nauyi da soso mai ɗan danshi. Abin da ke zama a jikin fenti bayan an goge siriri ne da ido ba ya gani, duk abin da ya ƙaru a kai tawul ne zai kwashe. Man da aka lafta kamar ana yaɓen ɗaki bai ƙara kariya ba, wahalar gogewa kawai ya ƙara, kuma shi ne ke fara kafewa in wuri ya yi zafi. Shafin da ya yi daidai sai ka karkata kai kake ganinsa. Ka ja soson a miƙe, gaba da baya, layi na hawa kan layi, ba da dannawa ba. Ka bar tazarar yatsa ɗaya tsakaninka da baƙar roba, ko ka rufe ta da tef ɗin takarda na masu fenti. Gilashin gaba kada a shafa masa, waifa za ta riƙa jan maiƙo, da dare fitilun masu tahowa su cika maka ido.

Sanin lokacin gogewa da yatsa ake yi. In man ya yi hazo-hazo, ka ja yatsa a kai. Layin ya fito tas yana sheƙi, ya nuna. Ya bar maiƙo, ka ƙara minti biyu. Tawul biyu masu laushi, irin waɗanda ake kira maikurofaiba, ɗaya na kwashewa ɗaya na fitar da haske. Ka ninka kowanne huɗu, zai ba ka fuska takwas, kana juyawa da zarar fuska ta cika. Tawul ɗin da ya faɗi ƙasa ya gama aiki a ranar sai an wanke. Ka fara da rufi da bonet da but tun da sauran sanyi, don su rana ke fara kamawa, ƙofofi su zo daga baya.

To idan babu inuwa sam, kuma dole sai an yi? Ana iya rage ɓarnar. Ka bar na gwangwani, ka ɗauki na feshi, wanda ake fesawa a tawul a shafa a goge nan take ba jira. Ka yi gefen da inuwar motar ta faɗa, ka juya motar ka yi ɗayan. Rufi da bonet, mutum biyu su riƙe maka tabarma ko tamfol a sama, ka sanyaya ƙarfen da ruwa, ka tsane da sauri, ka yi wuri kaɗan-kaɗan kamar faɗin tafin hannu biyu. Wajen kwara ruwan ka kiyayi gilashin da ya yi zafi, in yana da ɗan tsagu ruwan sanyi na iya ƙarasa shi. Wasu mayukan na zamani, waɗanda ba kakin itace ba ne haɗin sinadari ne, an rubuta a jikinsu cewa suna jure rana, kuma lalle sun fi haƙuri. Amma ni a ganina ko su ba a ɗora su a baƙin bonet da Azahar ɗin Afrilu ba. Irin rufin nan mai tsada da ake kira siramik kuwa, wanda ke yin shekaru, in ya kafe da layi sai inji ke cire shi. Wannan a cikin gini kawai ake yinsa.

Bayan an gama gogewa, rana ba ta da matsala, ka fita abinka. Wani lokaci kakin kanauba yakan yi ɗan gumi a ranar farko, hazo ya dawo a baƙar mota. Ka bari ta huce ka bi da tawul mai tsabta. Na sinadari yawanci suna son awa 12 zuwa 24 ba ruwa, sai a lura da hadari in damina ce. Kada dai ka ɗora wa kaki abin da ba zai iya ba. Yana sa ruwa da ƙura da kashin tsuntsu su ƙi kamawa, yana sauƙaƙa wanki, amma kariyarsa daga rana kaɗan ce. Motar da ke yini a fili rumfa ta fi yi mata amfani. A zafin nan namu na kanauba bai cika wuce mako 4 zuwa 8 ba, na sinadari yakan kai wata 3 ko fiye. In ka watsa ruwa ka ga ya daina dunƙulewa ya kwanta shimfiɗe, ya ƙare. Mai amfani da na sinadari, sau uku a shekara ya wadatar: Oktoba bayan ɗaukewar ruwa, ƙarshen Fabrairu kafin zafi ya kankama, da farkon Yuni.

Idan an sake wa mota fenti, a ba shi wata ɗaya zuwa uku kafin a rufe shi da kaki, don tina na ci gaba da fita daga cikinsa. Ka tambayi mai fentin irin wanda ya fesa. Masu shafa gas ko baƙin mai don mota ta yi sheƙi, sheƙin na awa guda ne, daga nan ƙurar titi duk ta manne, robobi kuma su lalace. Gwangwanin man ma kada ya zauna a but ko kan dashbod, zafi yana raba ruwan da kakin, in ka zo shafawa sai ya yi gudaji.

Su kuma yaran wanki, ba mugunta ba ce, da rana ne motoci ke zuwa, mai mota kuma yana tsaye yana duba agogo. In za ka mayar musu, ka rabu da haɗa wanki da folish a zuwa ɗaya na tsakar rana. Ka yi magana da mai wurin tun da yamma a ba ka layin farko na safe, ka tafi da tawul ɗinka guda biyu da sosonka a leda, ka kuma taɓa bonet ɗin da bayan hannunka kafin a buɗe gwangwanin.